Baturiyar Abakpa

Abakpa, Kaduna
14 ga Janairu, 2024

Zuwa ga 'yata Umaima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Jamus ɗin da kike ta kuka da shi? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda a waya. Na gaji da saƙon murya, da na fara magana sai mamanki ta sa baki daga kicin. Daga yau da biro zan rubuta, in ɗauki hoto in tura miki.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne shayin furen nan na Turai da ake kira hofs, wanda kika kawo lokacin hutunki. Ya karɓi mamanki. Kin san tun rasuwar yayarta Yalwa barci ya ƙaurace mata, ƙwayar asibiti kuma jiri take sa ta, har ta faɗi a banɗaki bara da azumi. Yanzu da kofi ɗaya bayan isha'i takan samu awa huɗu ko biyar. Ko furen ne, ko don daga hannunki ya fito, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne babbar kwalbar nan ta sauka ƙasa da rabi, har ta fara sha yau ta tsallake gobe.

Kin ce wata ƙawarki za ta zo gida a Afrilu, za ki ba ta wani ta kawo. Kada ki ba ta. Shekara talatin da biyar na yi ina malamin gona, babu ƙauyen da ban shiga da babur ba daga Igabi zuwa Giwa. Abin kunya ne a ce matata tana zaman jiran ganye daga Turai alhali ina da fili a tsakar gida da rijiya. Ni zan shuka shi.

Sai dai samun irin ya fara ba ni haushi. Na zagaye masu saiwoyi na Kawo da hoton furen a waya. Kowa ya kalla sai ya ce akwai, ya shige ciki ya fito da wani abu dabam. Ɗaya ma ya rantse mini wai su a garinsu da shi suke miya. Na yi odar iri wajen wani a intanet tun Nuwamba, ya aiko da 'yan ƙwayoyi a leda mai rubutun Turanci. Na shuka, na yi musu rumfa, ina bayi safe da yamma. Umaima, rama ce ta fito. Mamanki ta yi kwaɗonta jiya, tana ci tana yaba wa Turawa.

Ki riƙa sa rigar sanyi, ki kula da salla. Mamanki na gaishe ki.

Mahaifinki,
Husaini

Abakpa, Kaduna
24 ga Maris, 2024

'Yata Umaima,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya azumi a baƙuwar ƙasa? Allah ya karɓa mana. Na ga saƙonki, kuma amsata tana nan yadda take: kada ki aiko.

An samu. Tsohon abokin aikina Faruk, wanda ya koma Jos bayan ritaya, ya san wani mutum da ke gwada shukar a can kan tudu. Ashe ba da ƙwaya ake shuka ta ba, da saiwa ne, kuma sai ta macen, don namijin ba ya yin furen da ake so. Faruk ya saka saiwa uku a motar haya, na je tashar Kawo na karɓa. Da na kwance jaridar sai na ga 'yan itatuwa kamar asawaki. Wata huɗu ina nema, abin da na samu ke nan.

Mutumin ya ce kafin a binne su dole su yi sati shida cikin sanyi, don a ƙasarsu ƙanƙara ce ke kwantar da su, in ba su kwanta ba ba za su tashi da ƙarfi ba. Na naɗe su na sa a firiji. A kwana na huɗu taransifomarmu ta ƙone, cikin zafin nan na Maris da ko ƙadangare neman inuwa yake. Na kwashe su a kula na kai wa Mairo, matar nan mai sayar da ƙanƙara a bakin titi, tunda tana da janareta. Ta sa su a injin daskarewa, na ce a'a, sanyi nake so ba daskarewa ba. Ta kalle ni ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin dattijo yana jinyar itace ba. Yanzu kullum da safe ina zuwa sayen ƙanƙara in zuba a kula, saiwoyin na kwance a sama cikin tawul. Mamanki ta raɗa wa shukar suna Baturiya, wai ba ta son rana, ba ta son zafi, kuma sai an yi mata hidima.

Maganar ta kai masallaci. Malam Maliki, mai makarantar allo na layinmu, ya tare ni bayan la'asar cikin ladabi, ya ce ya ji wai abin da ake sa wa giya nake shirin shukawa. Na ce gaskiya ne ana sa shi, amma da dawa ake burkutu, ban kuma ga ya daina cin tuwon dawa ba. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce to Allah ya ba Hajiya lafiya. Shi dai ya fahimta. Sauran kuma su yi ta faɗa.

Akwai wata fitinar. Wai ranarmu ta yi mata gajarta. A can tana samun hasken awa goma sha biyar ko fiye, mu nan sha biyu ne da ɗan ɗoriya, kuma in ba a ƙara mata ba sai ta yi fure tun tana wada. Na sayo ƙwan sola biyu zan rataya mata daga magariba. Mutanen gida na zaune a duhu, Baturiya na da fitila.

Barcin mamanki yana nan dai, ranar sha da daɗi, ranar tsallakewa sai a hankali. Ki yi mana addu'a.

Mahaifinki,
Husaini

Abakpa, Kaduna
16 ga Yuni, 2024

Umaima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, barka da Salla. Ki yi haƙuri da shiruna, raina ne a ɓace.

Na binne su a farkon Mayu bayan ruwan farko, biyu a jikin katanga, ɗaya kusa da ƙofar kicin. Duka ukun suka tsiro. Na kafa doguwar gora, na ɗaura igiyoyi, da suka kai kamu biyu na naɗa kowacce a igiyarta yadda ake naɗa wake da doya, wato saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Haka na koya, haka na koyar da ɗaruruwan manoma. Washegari na tarar da su sun warware suna reto. Na sake naɗawa. Suka sake warwarewa. Na ɗaure su da zare, suka murɗe wuya suka yi baƙi a wurin ɗaurin. Ta farko kanta ya karye a hannuna. Ta biyu ta yi ta fama har ta bushe daga sama, ruwan sama ya ƙarasa saiwar.

Tun a satin farko mamanki ta ce mini wai ita tana ganin abar nan ɗaya gefen take son bi. Ta ce tunda ba barci take komawa ba bayan asuba, takan zauna a kujera ta zuba mata ido, kuma kan shukar yana juyawa ne a hankali yana bin rana. Na ce mata Hajiya, ke da ko barkono a gwangwani ba ki taɓa rayawa ba, ki bar wa masu abu abinsu. Ta juya ta koma kicin.

Ta ukun, ta ƙofar kicin, ita kaɗai ke ci gaba, amma kullum sai in same ta a naɗe ta gefen da ban naɗa ba. Ranar Talata na fita karɓar jarida, na manta tabarau na dawo, sai ga mamanki a tsaye kan turmi tana warware aikina tana mayar da shi ta ɗaya gefen. Macen da jiri ya taɓa kayarwa, a kan turmi! Umaima, na yi faɗa. Na ce ashe ita ce ke kashe mini shuka, ita ta rikita sauran biyun. Na faɗi maganganu har maƙwabta suka ji. Ta sauko, ta gyara ɗankwalinta, ta ce daga yau ko kallon Baturiya ba za ta sake yi ba. Ta kuwa cika alkawari, har ni ma ba ta cika kallona ba.

Na mayar da naɗin yadda ya kamata, na ɗaure. Kwana biyar ke nan ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Ina zargin ƙasar ce, ko takin.

Kwalbar ta ƙare ranar Alhamis. Na ga ta wanke ta ta kife a kan kantar kicin. Ƙawar taki ta zo ta gaishe mu tun Afrilu, hannu biyu da cakulan. Na san abin da za ki ce, kada ki faɗa.

Mahaifinki,
Husaini

Abakpa, Kaduna
22 ga Satumba, 2024

'Yata Umaima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya jarabawa? Allah ya ba da sa'a. Na san kina waya da mamanki, na kuma san ba ta gaya miki rabin abin da ke nan ba, don ba halinta ba ne. Bari ni in gaya miki.

Kwana kaɗan bayan wasiƙata ta ƙarshe aka kira mu 'yan fansho tantancewa, daga nan na wuce Zariya gaisuwar rasuwa, na yi kwana huɗu. Kafin in tafi ruwa da iska sun tsinke zaren da na ɗaure Baturiya da shi, ban samu na gyara ba. Da na dawo na tarar ta hau igiya fiye da tsawon hannuna, ta naɗe kanta tsaf ta gefen da mamanki ta ce. Na shiga ɗaki da fushi. Ta ce wallahi ba ta taɓa ta ba, kuma kin san ba ta rantsuwa a banza.

Washegari bayan asuba na ɗauki kujerarta na zauna. Na sa tsinke a ƙasa daidai inda kan shukar ya nuna. Kafin a gama koko ya bar tsinken, kafin hantsi ya yi nisa, yana tafiya yadda hannun agogo ke tafiya. Na buga wa mutumin Jos waya, ya ce ai haka take, ya ɗauka na sani tunda Faruk ya ce masa ni babban malamin gona ne. Ban taɓa jin kalmar babba ta yi mini ɗaci haka ba. Da hannuna na kashe biyun nan, Umaima. Tun ranar nake tuna manoman da suka riƙa ce mini a gonarsu abu kaza ba ya yi, ni kuma in koma ofis in rubuta cewa manoma sun ƙi karɓar shawara.

Wata uku mamanki ta yi ba shayin. Ta rame, idanunta sun faɗa, hawan jininta ya tashi har sau biyu muna zuwa asibiti. Likita ya sake rubuta ƙwayar, ta sha kwana uku, jiri ya dawo, ta ajiye. Kullum in na farka don asuba sai in same ta zaune a kan darduma, carbi a hannu, ta daɗe da yin alwala. Ba ta taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na ba ta haƙuri. Na yi ta kewaye-kewaye, ina maganar taki da ruwan sama, har ta ce Malam, in haƙuri za ka bayar ka bayar, tuwo na kan wuta. Na bayar. Ta ce shekara talatin da takwas tana jiran ta ji yadda kalmar za ta fito daga bakina, ashe sai Baturiya ta zo daga Jos.

Daga nan ita ta karɓi ragamar, ni nake ɗebo ruwa da kunna fitila. A Agusta muka daina kunna fitilar kamar yadda mutumin ya ce, fure ya fito. Satin da ya wuce muka tsinke, guda arba'in da ɗaya, ƙanana, ba su kai na kwalbarki ba. Muka shanya a inuwa a kan faifai. Da suka bushe ko gwangwanin madara ba su cika ba.

Shekaranjiya ni na dafa mata da kaina. Ta ce ya fi naki ɗaci. Jiya da aka kira assalatu na farka, na duba darduma ba kowa. Tana kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu, tana barci har da ɗan minshari. Na yi alwala na dawo, na tsaya a kanta har aka kusa tayar da salla na kasa taɓa ta. Rabon da in tashe ta salla tun Yalwa na da rai.

Na auna abin da ya rage da cokali. Kwana goma sha biyu zai yi mana, in an tsallake rana ya kai ashirin da huɗu. Baturiya kuma ba za ta sake fure ba sai an tono ta an mayar da ita wajen Mairo ta yi kwanan sanyinta.

Ki nemi duk wanda zai taho gida, ko ta Abuja ko ta Kano, ni zan je in karɓa da ƙafata. Ki aiko, Umaima. Babbar kwalba.

Mamanki na gaishe ki. Ta ce in gaya miki ita ta ce in rubuta wannan, amma wallahi na riga ta.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Husaini