Tulun da Ya Yi Hayaƙi

Litinin, 11 ga Janairu, 1988
Abokina Tunde ya aiko mini da ita daga jami'a: baƙar ƙwaya kamar maɓallin riga. In ta yi sanyi iyakar sanyi, lantarki zai ratsa ta ba asara, maganaɗisu ya tsaya a iska a kanta. Na gaya wa ɗalibaina 'yan aji biyar.

Alhamis, 14 ga Janairu
Na zana musu waya wadda ta fi gashi siranta, na ce masana na hasashen a irinta lantarki zai kama gefe kawai, kamar tururuwa a bakin tasa. Sekinat ta ce, "Malam, kai ka taɓa gani?" Ban taɓa ba. Ita ce ta fi kowa kai, amma ta ce in duk kimiyyar a allo take, gara ta koma shagon babanta. Na yi mata alkawarin za ta gani da idonta.

Laraba, 20 ga Janairu
Ƙwayar ba za ta yi wannan sanyin ba sai da ruwan naitirojin. Wani likitan dabbobi a Zariya, mai adana irin bijimai a ciki, zai sam mini tulu ɗaya. Maitama direba zai taho da shi. Na ja masa kunne kada ya toshe bakin tulun.

Asabar, 23 ga Janairu
Ban gaya wa Maitama ruwan yana hayaƙi ba.

Ya yi lodin auduga a hanya. Kafin Funtuwa ya hango farin hayaƙi na fita daga tulun, ya ci burki, ya tuttular da shi a kwalbati. "Haba Malam, wuta a motar auduga? So kake a ɗaure ni?" Ya iso mini nan Malumfashi da tulun a wanke tas. Har godiya na yi masa.

Litinin, 25 ga Janairu
Likitan ya ce sai baɗi.

Na ɗora maganaɗisun a kan ƙwayar a gaban 'yan ajin haka nan. Ya zauna daram. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi.

Litinin, 8 ga Fabrairu
Sekinat ta zo yau, bayan mako guda ba ta nan. Ta tsaya bayan an tashi. "Malam, wayar nan, me ya sa gefe kawai?"

Na ce ba ya cikin jarrabawa.

Ban san sa'ad da ya fito daga bakina ba. Gajiya ce kawai, ina jin. Ƙwayar tana kan tebur, ta danne takardu sosai.