Baba Zai Zauna Gaban Mutanen Gari

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Hadiza da yara? Yaya zaman Agadas?

Hankalina ba kwance yake ba. Baba da sauran kansiloli sun yarda kowa ya zauna gaban mutanen garinsa, su faɗa masa aikinsa ido da ido. Shawarar Baba ce, kuma da shi za a fara ran kasuwa. Famfon garinmu tun bara ko ɗigo, ga hawan jininsa. Na roƙe shi ya ɗage, ya ce, "Ni na nema."

Abin da ya fi damuna, Innarmu da ke jan guga kullum ta wanke mayafinta, wai ita za ta fara magana.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Kawu.

Ƙanwarka Rabi,
Tsarnawa