Goyon da Aka Kwance

Zuwa ga Lauya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ce Yaya, yayar tsohon mijinki. Na san kin daɗe da goge lambata, shi ya sa na rubuto.

An saki 'yata. Dangin mijin sun riƙe jaririyarta, ko yaye ba a yi ba. Nono ya cika mata har zazzaɓi, ba ta ci, ba ta barci. An ce irin wannan shari'ar ce aikinki. Ki dubi zumunci, abin da ya wuce ya wuce.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina amsawa, ya gida.

Zazzaɓin nono? Na san shi. Ke kika kwance ɗana daga bayana a tsakar gidanku, maza na zaune a kan kujeru suna gyaɗa kai. Kika ce, "Yaro na dangi ne, ke haihuwa kawai kika yi." Maƙwabta suka cika ƙofa suna kallo. Da zanen goyon na tafi, babu kowa a ciki.

Yanzu ya zama saurayi, in mun haɗu a titi sai ya tsallaka, don kun ce masa gudu na yi na bar shi. Ki zaunar da shi ki faɗa masa gaskiya, sannan mu yi magana.

Wassalam.
Lauya

Ƙanwata,

Barka da aiki. Haba! So kike in tona wa gidanmu asiri? Lokacin haka ake yi, ba ni kaɗai na yanke ba. Yarinyar nan me ta yi miki? Ke fa kike mata kitso tana ƙarama. Jiya sai da muka riƙe ta, za ta fita ba takalmi.

Ina jiran amsarki, don Allah.
Yaya

Yaya,

Gaisuwa. Alƙali ya mayar wa 'yarki da jaririyarta. Da ƙafarta ta zo ofishina, kuma ba don ke na tsaya mata ba. Suna gidana.

Ashe ranar da kika kwance min goyo tana bayan ƙofa, ta ga komai. Ta kira ɗana ta faɗa masa. Ya zo, ya tsaya a bakin falo, ya kasa shigowa, ya kasa tafiya. Da ƙyar ya ce, "Mama, ina wuni."

Gobe yana tafe wurinki da tambayoyi. Ban ce masa ya sassauta ba.

Ki huta lafiya.
Uwarsa