Bangon da Na Fasa da Hannuna

Wuro Hausa, Yola.

Zuwa ga ƙanena Najmuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatu da sanyin Alƙahira da kake ta yi mana ƙorafi a kai. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa a tsaye. 'Yar'uwarmu Raudatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Naziha. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, don na san halinka, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, wannan kuwa zance ne da nake so ka ji shi duka.

Maganar situdiyon Hosea ce, ɗakin naɗar sautin nan da nake haɗa masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun ranar da marigayi Baba ya gamu da shi a tasha tare da mahaifiyarsa Mama Fibi, sun gudo daga Michika da ƙullin zane ɗaya, ya ba su ɗakuna biyun nan na waje. Ka kuma san abin da ya sa Hosea yake gaggawa. Muryar Mama Fibi tana raguwa kullum, waƙoƙin ƙauyensu kuwa ita kaɗai ta rage da su a ka, yana so ya naɗe su tun tana iyawa. Zanen bangon lasifika da ka aiko na bi shi kamar karatun allo. Na ta da bulo biyu a tsohon ɗakin ajiya, na ɗora roba a kai, kowace lasifika ta zauna a akwatinta ba tare da ta taɓa katakon gaba ba. Na karkata su duka biyun zuwa inda kujera za ta zauna, na daidaita fuskarsu da fuskar bangon har ka shafa da hannu ba za ka ji inda ɗaya ya ƙare ba. Tsakanin katako da katako na ɗura yashin Binuwai, tankaɗaɗɗe, busasshe, buhu goma sha huɗu, don bangon ya yi nauyi ya daina rawa. Shekara ashirin ina aikin kafinta, ban taɓa yin aikin da ya faranta mini rai kamarsa ba.

To ga inda na yi wauta. Ka tuna tun bayan tashin bam a kasuwar Jimeta aka yi ƙa'ida a unguwar nan, duk wanda zai shigo da baƙo ko manyan kaya sai ya sanar da Jauro, mai unguwarmu. Ni kuwa na ga an daɗe da zaman lafiya, na ɗauka ƙa'idar ta mutu. Kuma in faɗa maka gaskiya, girman kai ne ya fi yawa, so nake sai an gama in kira mutane su sha mamaki. Sai ka tsaya a inda maƙwabci yake ka duba abin da ya gani: an toshe taga da bulo, an sa ƙofa biyu ɗaya bayan ɗaya, ana shiga da buhuna ba a fitowa da su, ga wayoyi, ga bututun iska ya leƙo ta bayan ɗaki, mai ɗakin kuma mutum ne da ya zo daga inda abin ya fi ƙamari. Ban taɓa kallon aikin ta wannan gefen ba sai da aka nuna mini.

Ran Talata da hantsi ina shafa fenti, sai ga Jauro da 'yan banga huɗu, bayansu Baffa Bobboyi, aminin Baba, wanda ɗansa Muktar ya tafi kasuwa ranar bam ɗin bai dawo ba. Shi ya kai ƙara. Kafin in wanke hannu ƙofar gida ta cika, har da waɗanda ba 'yan unguwa ba, wasu da sanduna. Jauro ya yi magana a hankali, ya ce ba ya zargin kowa, amma mutane sun ce akwai ramuka a cikin bango da aka rufe, in ba a gamsar da su kafin azahar ba, dole ya kira jami'an tsaro su tafi da Hosea. Ka san wanda aka tafi da shi a kan irin wannan zargi, ko ya dawo, sunan ba ya barinsa. Na nuna zanenka a waya, babu wanda ya gane shi. Na ce a bari in kunna lasifikar kowa ya ji. Baffa Bobboyi ya dube ni, idonsa ja, ya ce, "Ɗantani, kaset ma na cikin waƙa a kasuwa ranar da Muktar ya mutu. Ni cikin bangon nake so in gani."

Hosea na tsaye jikin ƙofa, gumi na sauko masa. Na shiga ciki neman guduma, sai na hango Mama Fibi zaune a bakin ɗakinta. Ta sa takalmi, ta ɗaure kayanta a zane, ta ɗora a cinya. Najmuddeen, zanen nan ne dai da ta zo da shi, ashe tana ajiye da shi duk shekarun nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi komai ba, jira kawai take a ce su tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, don ni na jawo mata wannan zaman.

Ban yarda wani ya taɓa bangon ba. Na sa aka fitar da lasifikar hagu, na ɗaga guduma na buga a wurin da na fi wahala wajen haɗawa. Bugu na uku katakon ya tsage, yashi ya ɓarke ya rufe mini ƙafa, mutanen da ke bakin ƙofa suka ja da baya a guje, wani har ya faɗi. Baffa Bobboyi kaɗai ne bai motsa ba. Ya durƙusa da tsufansa ya dinga tona yashin da hannu biyu, yana murzawa, ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ya jawo roba da waya ya ajiye. Ya fi rabin awa a haka, ni kuma ina riƙe da guduma ina jiran ya ce a fasa na dama. Daga ƙarshe ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya gaya wa Jauro cewa yashi ne. Aka watse ana cikin kiran azahar, babu wanda ya ba Hosea haƙuri.

Ban ji haushin tsohon ba, kai ma kada ka ji. Jiya da safe na tarar da shi a ƙofar ɗakin da rariyar matarsa, ya shimfiɗa tabarma yana tankaɗe yashin da ya zube, yana shanyawa. Ya ce in za a mayar, shi zai ɗura da hannunsa. Hosea ya gaishe shi, ya amsa, iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan zuwa yanzu.

Ga roƙona. Ka sake zana mini bangon hagu, amma wannan karon ka yi masa murfi a gefe, wanda za a kwance da sukuru huɗu kowa ya leƙa ciki. Na san za ka ce iska za ta shiga, sauti zai lalace, ka fara yi mini lacca. Ka nemo dabara, abin da aka tura ka koya ke nan. Kuma kada ka wuce mako guda. Hosea ya fara tambayar nawa ne kuɗin mota zuwa Jos, na ji da kunnena.

Goggo tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Raudatu da mijinta Mu'tasim suna gaisuwa, haka yayarmu Adda Khadijah da mutanen Girei. Na je gaida Mama Fibi ɗazu, na tarar ƙullin yana nan a kan gadonta, a ɗaure. Na roƙe ta ta kwance, na ce komai ya wuce. Ta yi mini murmushi ta ce, "Ɗana, ranar da na ji muryata ta fito daga bangon nan hagu da dama, kuma ba wanda ya zo ƙofa, ranar zan kwance."

Ka aiko da zanen. Allah ya tsare mana kai, ya dawo da kai lafiya.

Hammanka,
Ɗantani