Inna, Na Samu Fedar Da Ke Ɗago Ƙafata

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa a durƙushe, yadda kika koya mana yi a bakin ƙofarki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma labarin nan in ban ba ki shi ba zai fasa mani ƙirji. Masu karantawa ku yi haƙuri, da uwata nike magana.

Kin tafi kin bar ni ina jan ƙafa. Tun da babur ya kayar da ni a hanyar Barkiya, ƙashi ya ɗoru, amma jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafar dama ta ƙi tashi. Dannawa ina iyawa, ɗagowa ce ta gagara. Ga manomi wannan ɗingishi ne kurum. Ga mai gangunan zamani irina kuwa, sana'a ce ta karye, don babbar gangar nan da ke kwance a ƙasa da ƙafar dama ake buga ta. Ka taka feda, wato matakin ƙarfen da ke ɗaure jikin gangar, 'yar guduma mai kan auduga ta daki fata, ka ɗaga ta komo. Wannan dum-dum ɗin shi masu rawa ke bi.

Ke dai ba ki taɓa son sana'ata ba. Kullum sai kin ce, “Gidan manoma, kai ka jajibo mana kiɗa.” Amma da nike jinya a ɗakinki a Kurfi, ke ce kike ɗora ƙafata bisa matakin keken ɗinkinki, ki riƙa juya kan keken da hannu, matakin yana lanƙwasa mani idon sawu sama da ƙasa. Ina ihu, kina mani dariya. “Ji raki! Kai dai danna, Auta, komowa aikin keke ne.” Ban san damina ta ƙarshe ke nan da za mu yi tare ba.

Bayan an share makokinki na koma Dutsin-Ma. Malam Sani, shugaban ƙungiyarmu mai kaɗa fiyano, ya yi mani halacci, duk tsawon jinya bai ba kowa kujerata ba. Fiyanon tasa ke tsaya masu a madadina, don akwai maɓallin da in ya danna sai ta yi ta buga ganga da kanta. Ranar da na zauna gwaji, Inna, na so ƙasa ta tsage. Na taka, gudumar ta daki fata ta lafe a can, ƙafata ta danne ta. Kafin in ciccibo ƙafar, waƙa ta yi gaba ta bar ni.

Malam Sani bai ɓoye mani ba. Ya ce akwai biki a Kurfi bayan girbi, in ƙafa ba ta tashi ba fiyano za ta gaje ni. Ban ga laifinsa ba, mutane ke ci a ƙarƙashinsa. Amma wallahi na ji haushi. Akwatin da bai san gumi ba, shi zai kore ni, kuma a garinmu!

Sai na roƙi wani mai sayar da kayan sauti a Katsina ya aiko mani fedoji in gwada. Na ce masa mai laushi nike so, wadda ko kaza ta taka za ta buga. Kowa ma haka ya ba ni shawara, ƙafa mai ciwo sai abu mai laushi. Ashe nan kuskuren yake. Ta farko laushi kamar me, sifirin ɗinta, murɗaɗɗen ƙarfen da ke komo da ita, sako-sako, tana zuwa da sauƙi amma ba ta da ƙarfin komowa. Ta kwanta ƙarƙashin ƙafata, ni ban tashi ba, ita ba ta tashi ba. Ta biyu sabuwa fil, mai sarƙa biyu, sai ƙyalli take. Wannan kokawa muka yi, kafin waƙa ta kai rabi cinyata ta ɗauki rawa.

Ta ukun a ƙasan buhu take, tsohuwa, fenti ya goge inda ƙafar wani bawan Allah ta daɗe tana taka ta. Ba sarƙa gare ta ba, ɗan bel ne, ga mataki dogo. Har na ture ta gefe. Sai na danna ta da hannu na saki, na ga gudumar ta yi ta lilo, gaba, baya, gaba, baya, ba ƙara, ba cijewa, ta daɗe ba ta tsaya ba. Boris ɗinta, inda gudumar ke juyawa, lafiya lau. Na ɗaura ta jikin ganga, na riƙa murza notin sifirin kaɗan-kaɗan, ina ɗora ƙafa ina saukewa, har na zo wani wuri.

Inna, ikon Allah! Na danna, ta buga, sai na ji matakin ya biyo tafin ƙafata ya ɗago shi. Ba ture ni ta yi ba, ba ta kuma bar ni ba, tana manne da ni duk inda na nufa. Na taka a hankali ta yi raɗa, na sako nauyin cinya ɗakin ya amsa. Na yi bugu biyu a jere, abin da na cire rai da shi, suka fito tsaf. Ƙarfe ne fa da bel, wani ya ƙera shi a wata ƙasar da ban sani ba, bai san ni ba, bai san hanyar Barkiya ba, amma ga shi yana yi mani aikin jijiyar da ta mutu. Maganarki ta keke ta faɗo mani, na kifa kai bisa ganga na yi kuka sosai.

Ranar biki, bayan la'asar, muka kafa kaya a ƙofar gidan ango. Duk fuskokin na sani. Ina ganin yatsan Malam Sani a bisa maɓallin nan, yana jiran in yi tuntuɓe. Muka fara. Mata suka shigo fili, kiɗa ya yi zafi, feda tana ɗago ni ina komawa. Can sai ga Gwaggo Asabe, ƙawarki, ta kutso tsakiya da sandarta, tana taku irin na tsofaffi. Na sassauta na bi ƙafarta. In ta jinkirta in jira ta, in ta zabura in zabura, guɗa ta kaure ko'ina. Fiyano ba ta iya jiran kowa, Inna. Da na waiwaya, Malam Sani ya janye yatsansa, hannu biyu yake kiɗa, bakinsa har kunne. Ya ɗaga murya ya ce, “Ɗan Kurfi, zauna daram!”

Ba zan yi maki ƙarya ba, ƙafar ba ta warke ba. Da aka tashi, da jan ƙafa na isa mota, yatsuna suna sharar ƙasa, har wani ya kama mani hannu. Likita ya ce wataƙila haka za ta zauna. Na karɓa, na gode wa Allah. Amma kujerar tawa ce, Inna, kuma a Kurfi na karɓe ta, gaban mutanenki. Gwaggo Asabe ta riƙe mani kai ta ce da kina nan da kin yi faɗa, sannan ki shiga fili. Na so ƙwarai a ce kin yi mani faɗan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Yadda kika tallabi ƙafata lokacin da ta kasa, Allah Ya tabbatar da taki bisa siraɗi, Ya sada mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Naki har kullum,
Auta, makaɗin da kika haifa a gidan manoma.