Kada Ka Sake Hawa Dutsen Nan

Mani,

Na tafi kasuwar Yankara, ban tashe ka ba. Karanta wannan kafin ka fita.

Bayan sallar asuba Malam Sule mai shayi ya ba ni labarinka. Wai jiya wuni ka yi kan dutsen bayan gari, kai kaɗai, da kwamfutocin shagonmu cikin buhu, saboda can sabis yake da ƙarfi. Dutsen da ko masu itace sun daina zuwa saboda mutanen daji. Na ce masa ƙarya ne. Da na dawo, sai na ga ƙarangiya a jikin buhun.

Na kunna su, na ga abin da ya zaunar da kai. Kowace ka sa ta sauke sabon zubin manhajar da muke aiki da ita tun daga farko, alhali duk abu ɗaya suke nema. Wannan ba ƙwazo ba ne, ganganci ne.

Daga yau kwamfuta ɗaya ce za ta sauke, kuma abin da ya canza kawai, ba dukan manhajar ba. Ƙarami ne, sabis ɗin ƙofar gida ma zai ja shi. Ka kwafa a filas, ɗan abin ajiyar bayanan nan, ka zuba wa sauran. Filas ɗin yana ƙarƙashin takardar nan.

Ban gaya wa Inna ba. Kwamfuta in ta salwanta, kasuwa akwai wata. Kai kuwa ban san inda zan samo mata wani Mani ba.

Yayanka,
Gide