Gonar Doyar Ezekiel

Sabon Gari, Minna,
14 ga Maris, 1987.

Zuwa ga ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ƙara maka basira, ya sa ka gama digirinka na biyu lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Sakinatu ta yaye ɗanta, Yaya Ladan kuma ƙafar ta yi sauƙi har ya koma bakin aiki a tashar jirgin ƙasa.

Takardun tambayoyinka ɗari da ashirin sun iso, tare da saƙonka cewa ba ka da lokacin zuwa Paiko wurin manoman doya, in raba wa maƙwabta su cika kamar su ne manoman, kowa da irin bironsa. Ba zan ɓoye maka ba, na fara. Na ba mutum goma, har da Ezekiel tela, wanda ka san bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya zauna ya zuba gona eka ashirin a takarda, ya ce wata uku yake yi ya haƙe doyarsa.

Ranar Asabar Malam Ndagi, manomin Paikon nan da ke kawo mana doya, ya tarar da ni ina jera su, sai na karanta masa ta Ezekiel don mu yi dariya. Ya yi dariyar kuwa, ya ce doyar wata uku sai dai a gonar tela, tasu takan kai wata takwas a ƙasa. Daga nan ya tambaye ni wa zai karanta littafin binciken da za ka rubuta da su. Na ce malamanka, wataƙila da ma'aikatan gona. Sai ya ce ashe wata rana za a zo a koya musu noma da abin da Ezekiel ya rubuta. Wallahi na ji nauyi ƙwarai, ni da nake kwaɗe hannun ɗalibaina in na kama su suna leƙen takardar wani.

Munzali, wannan ha'inci ne, kuma ka fi ni sanin korarka za a yi in aka gane, shekara biyu ta tafi a banza. Na ƙona goman nan, sauran suna cikin akwatina. Malam Ndagi ya ce ka zo da hutu, zai kai ka ƙauye-ƙauye ka ji daga bakin masu gona. In malaminka ya ce sai ka ƙara shekara, ka ƙara, ba wanda ke korarka daga gida.

Yaya Ladan da Sakinatu da Jummai suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka. Ita ta ga hayaƙin, ta tambaye ni me ya sa nake ƙona karatun ɗanta, na ce ta bari ka zo ka faɗa mata da bakinka. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka yaya,
Azumi